Man Buwat Ba A Yi Masa Tozo

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Illa a Magariya, zuwa ga ɗana Shofer, wanda a yanzu haka yake zaune kan buhunan mutane a bayan mota, iska tana kaɗa masa kunnuwa. Gaisuwa mai yawa. Allah Ya tsare hanya, Ya sauke ku Damagaram lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da abokai irina.

Na ce wa innarka ta cusa takardar nan cikin jakar gumba, don na san ko me ka manta ba za ka manta da wurin ba. Na kuma ce ta gaya maka kada ka buɗe sai mota ta wuce Bande. In ka buɗe tun ba ku fita gari ba, ba zan yi mamaki ba, jinina ne. Akwai wani ɗan ƙarfe ƙunshe cikin tsumma tare da ita. Kada ka jefar, kada ka ba maƙeri. Za mu zo kansa. Ajamina kuwa ka san shi, shekara bakwai malam yana dukana a kansa bai miƙe ba, sai ka bi shi a hankali.

Shekaranjiya kana ɗaure kaya ka ce da ni, “Baba, tunda ka taɓa aikin mota, lita nawa na mai buwat take sha? Kada Barma, mai garejin da za ni, ya tambaye ni in yi shiru.” Na ce maka daidai da furar da kake sha in innarka ta juya baya. Ƙannenka suka yi dariya, kai ba ka yi ba. Na gani. Amsar tana bakina, abin da ke manne da ita ne ya hana ta fita a gaban yara. To ga ta a takarda.

Buwat, wadda direbobin Kano ke ce wa akwatin giya, tana da rami biyu. Ɗaya a gindi, nan tsohon mai ke fita. Ɗaya a gefe, wajen tsakiyar cikinta, nan sabo ke shiga. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba, ba tudu ba. Ka bari ta huce. Ka share rairayin da ke kewaye da murfin kafin ka kwance shi. Ka yi ta ɗura mai ta ramin gefe har ka ga ya fara leƙowa waje, sai ka tsaya. In dubawa kawai za ka yi, ka sa ɗan yatsa a ramin ka lanƙwasa shi ƙasa. In gaɓar farko ta taɓo mai, lafiya lau. In ta fito a bushe, ka ƙara. Shi ke nan. Babu wani lissafin lita da za ka haddace kamar karatu. Tsohuwar motar da na yi wa aiki tana shanye fiye da rabin bido, wato jarkar mai, ƙaramar motar kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ko rabin haka ba ta kai ba, kowace da cikinta. Wanda ya ƙera buwat ya riga ya auna, ya huda ramin a inda man zai tsaya. Iyakarsa ke nan.

Ka ga magana ba ta da tsawo. Barma ya gaya mini ita a ranar farko, a ƙasa da lokacin da ake ɗaura rawani. Sau uku na saɓa ta, kuma su nake so ka ji.

Ina ɗan shekara goma sha takwas na zama apranti, wato yaron mota, a hannunsa, a motar wani kamfani mai sayen gyaɗa. Muna kwaso gyaɗa daga kasuwannin ƙauye, Dogo-Dogo, Dungas, Sassumbrum, mu kawo Magariya. Barma a lokacin saurayi ne ƙaƙƙarfa, ba ya ɗingishi. Aikina shi ne in juya hannun tayar da inji, in riƙe gungumen da ake tokare taya da shi, in ɗora buhu, kuma kowace safiya in shiga ƙarƙashin mota in duba man buwat, in fito in nuna masa yatsa.

Wata guda na yi ina shiga. Daga nan na ga abin ya zama wahalar banza. Kullum mai yana nan, ƙasa kuwa ga ƙaya, ga kashin awaki. Sai na samo dabara. In zaga bayan mota, in tsoma yatsa a bakin bidon mai, in ƙirga ashirin, in fito ina nishi in ɗaga masa yatsa yana ƙyalli. Kwana tara ina haka. Ran na goma yana zaune kan dakalin kanti yana cin goro, na kawo masa yatsa. Bai ko dube shi ba.

Ya ce, “Juya.”

Na juya.

Ya ce, “Ikon Allah. Illa, ashe ƙasar Magariya ta daina taɓa bayan mutum? Rigarka fes kamar za ka idi.”

Na ce, “Maigida, ai na iya shiga ne yanzu, a kan gwiwar hannu nake tafiya.”

Ya ce, “To shiga in gani, ni ma in koya.”

Na shiga, na fito kamar an tono ni. Masu awo suka yi ta dariya, kwana biyu suna kirana ɗan idi. Barma kuwa daga ranar bayana yake fara dubawa kafin yatsa.

Don haka ka kwanta a ƙasa, Shofer. Ka bar riga ta yi datti, innarka ba ta can balle ta yi faɗa. Ranar da ka ce mai yana nan tunda jiya yana nan, ranar ce ya tsiyaye a hanya ba ka sani ba. In kuma ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba. Zagi ɗaya ne, ya wuce.

Na biyu a Dogo-Dogo aka yi shi, kuma innarka tana ciki, ko da yake har yau tana cewa ba ruwanta. Tana kawo nono kasuwa daga rugarsu. Ranar da na fara ganinta na ce mata ni ne shofer, mai tuƙa motar, wancan mai zaman gaba yarona ne, ƙafa ke masa ciwo shi ya sa nake bar masa kujera. Ta ce, “To shofer, me ya sa kai ke ɗaukar buhu?” Na ce motsa jiki nake yi. Ta auna mini nono, ta rage ludayi ɗaya, ta ce na ƙaryar ne.

Kakanka Buba, babanta, yana da wani bijimi da yake ji da shi, ƙazuwa ta kama shi, gashi ya zube a wuya da gadon baya. Wani ya gaya masa man mota yana kashe ta. Sai ga shi ranar kasuwa da ƙoƙo a hannu, ya tsaya nesa da mota, ya yafito ni.

Ya ce, “Ɗan mota, an ce kai ne mai wannan abu.”

Innarka tana bayansa da ƙwarya a ka, tana kallona. Me zan ce? Na ce ni ne.

Barma ya tafi sallar azahar. Na shiga ƙarƙashi, na sassauta murfin gindi, na cika masa ƙoƙo, na ɗaure. Wannan karon ba wanda ya roƙe ni in kwanta a ƙasa. Kasuwa ta zagayo, ya dawo da ƙoƙon, ya ce bijimi ya fara samun barci. Na sake cikawa. Na uku ma haka. Kowace safiya ina sa yatsa ina jin man yana nisa, sai in ƙara cusa yatsan har ya taɓo, in fito in nuna. Ban yi ƙarya ba a ganina, ai daga cikin buwat man ya fito.

Muna komowa da lodi sai ta fara kuka, wani siririn kuka kamar na sauro a kunne. Ni ina bisa buhuna ban ji komai ba. Barma ya ji. Ya tsaya ƙarƙashin wani gawo, ya karɓi kile, wato sifana, a hannuna, ya shiga da kansa. Ya jima. Da ya fito sai ya duba ƙasa, ya duba jikin buwat, babu alamar ɗiga.

Ya ce, “Mai ba ya da ƙafa. Ina ya je?”

Na ce, “Bijimi ne, Maigida.”

Na ba shi labari duka, har da zancen shi yarona ne. Na sa hannu na kare kai. Bai buge ni ba.

Ya ce, “Bijimin ya warke?”

Na ce, “Gashi ya fara tsirowa.”

Ya ce, “Madalla. Mu kuwa haƙoranmu sun fara zubewa.”

Ya tsiyayo ragowar man a tafin hannu, ya miƙo shi cikin rana. Sai na ga wasu ƙananan abubuwa suna walƙiya a ciki kamar garin azurfa. Ya ce ƙarfen haƙoran buwat ne suke cin juna, don babu abin da zai raba su. Ya ce da mun ƙara rabin yini a haka, sai dai raƙuma su kwashe gyaɗar. Sannan ya faɗi abin da ya fi duka ciwo. Ya ce, “Tsohon mai yana nan cike da tukunya a bayan kanti, zubarwa muke yi. Da ka tambaya, da na ba surukin naka har da tukunyar.”

Ka riƙe wannan. Man da ke cikin buwat ba naka ba ne, ba na maigidanka ba ne ma, na haƙoran ne. Za a roƙe ka shi, don raƙumi, don jaki, don ƙofar da ke ƙara. Ka ce su jira ranar sauyi ka ba su tsoho. In ka tsiyaye tsohon mai, ka duba shi a rana kafin ka zubar, in yana walƙiya ka kira Barma. Ka koyi sauraron mota tun kana bisa buhu. Kuma in ka ga yarinya, ka gaya mata kai apranti ne. In ta rage maka nono, ka sha haka nan.

Na uku shi ne dalilin takardar nan. Sauran biyun na sha ba ku labarinsu a tsakar gida, ina ƙara gishiri. Wannan ko innarka rabinsa ta sani.

Ka san kakarka Ta-Sallah da sana’ar man gyaɗa. A gindin tukunyarta na tashi. Ba ta taɓa miƙa wa mutum kwalba ba sai ta cika ta har wuya, sannan ta ɗebo wani ɗan kaɗan ta ƙara masa a murfi. In hatsi take aunawa, sai tiya ta yi tozo tana zuba ta gefe. Wanda ya shafe bakin tiya da hannu, a wurinta marowaci ne, ba ta gaishe shi da daɗi. Haka duk kasuwarmu take, kai ma ka sani. In kana son mutum, ka ƙara masa. In ka yi masa laifi, ka ƙara masa ninki biyu. Ban san wata hanyar ba da haƙuri ba sai wannan.

Bayan zancen bijimi na shiryu. Na daina tsokanar masu awo, ina shiga ƙarƙashi tun ba a ce ba. Barma ya lura. Ya fara ba ni sitiyari a fili in babu lodi, ya ce in kaka ta ƙare lafiya zai kai ni Damagaram a gwada ni, in samu parmi, takardar tuƙi, in zama shofer na gaske, ƙaryata ta zama gaskiya.

Ranar kasuwar Sassumbrum, da hantsi, ya miƙo mini kile da bidon sabon mai. Ya ce, “Sauya man buwat, ni zan je wurin awo. Ba sai na duba bayanka ba.” Bai taɓa bar mini wannan aiki ni kaɗai ba.

Na yi komai yadda ya koya mini. Na fara kwance murfin gefe kafin na gindi, don kada in zubar da tsoho sannan in tarar na gefen ya ƙi buɗuwa. Kai ma haka za ka yi. Na tsiyaye, na ɗaure gindi, na ɗura sabo har ya leƙo. Na ɗaure. Aiki ya ƙare, da na tashi na wanke hannu da yau wani labari nake ba ka.

Sai na ɗaga bidon na ji da sauran nauyi. Na dubi buwat, na ga ramin nan a tsakiyar cikinta yake, rabinta na sama fayau babu komai. Na ce a raina, wannan ai rowa ce. Nasara ne ya huda ramin a nan don kada a sha masa mai. Baiwar Allah tana jan buhu ɗari cikin rairayi, ni na taɓa sa ta yunwa har ta yi kuka, yau kuma in ba ta rabin ciki? Na hau gaban mota, na kwance murfin da sandar giya ke shiga ta sama, na juye sauran man duka, har na ga yana ƙyalli a baki. Na yi mata tozo. Na mayar da murfi, na share, na sa kile a aljihu, ina jin daɗi kamar wanda ya yi sadaka a ɓoye.

Barma ya dawo ya ce, “Ya leƙo?”

Na ce, “Ya leƙo, Maigida.”

Ban ƙara kalma ba. So nake sai ya ji yadda take tafiya lumui, ya tambaya, sannan in faɗa.

Abin da ban sani ba, wanda kai yanzu za ka sani, shi ne wancan fili na sama ba rowa ba ce. Haƙoran suna ɗibar mai daga ƙasa su watsa shi sama, ya dawo, ya huce. In ka cika ta, sai su yi ta kaɗa shi kamar mai burga nono, ya yi kumfa, ya yi zafi, ya kumbura, ya rasa wurin zuwa. Akwai zoben fata a gaba da baya, inda sanda ke shiga da inda take fita, su ke tare mai. Sai ya fasa su. Ta gaba ya jiƙa farantin ambarayaj, wato kuloci, wanda ƙafar hagu ke takawa. Ta baya ya jiƙa birkin hannu, don a motocin nan yana manne da bayan buwat ne.

Mun taso bayan azahar da cikakken lodi, da mata huɗu a bisa buhuna, ɗaya da goyo. Rana tana dukan ƙarfe. Akwai wani dogon tudun rairayi a hanyar, kafin a gangaro wajen Magariya, an shimfiɗa masa itace da laka. Na sauka da gungume a kafaɗa ina bin mota a ƙasa, kamar kullum. Mun kai kusan kai sai na ji inji yana ihu mota kuwa ba ta gaba. Wani wari ya taso, na ga baƙin mai yana zubowa kan hanya. Ta tsaya. Ta fara dawowa.

Barma ya leƙo ya ce, “Tokare, Illa.”

Na jefa gungume, taya ta hau shi ta wuce kamar ba komai. Birkin ƙafa bai iya riƙe wannan lodi a gangare shi kaɗai ba, ya ja na hannu, ya zame cikin mai. A gindin tudun akwai kwazazzabo. Matan suna salati. Yana da lokacin da zai buɗe ƙofa ya yi tsalle, na ga hannunsa a kan ƙofar. Bai yi ba. Ya murɗa sitiyari, ya kai bayan motar cikin bangon rairayin da ke gefe. Ta nutse, ta karkata a hankali, ta kwanta ta wajensa. Matan suka zubo kan rairayi tare da buhuna, ba wadda ta karye, jaririn ma kuka kawai ya yi. Barma kuwa ƙafarsa ta hagu tana tsakanin ƙofa da ƙasa.

Da mutanen ƙauye muka haƙa muka jawo shi. Yana kwance, gumi yana zubo masa, ya dubi man da ya malala a hanya, ya dube ni.

Ya ce, “Ta sama ka zuba?”

Na ce, “Na ga da saura ne, Maigida.”

Ya rufe ido. Ya ce, “Yatsa na ce maka.”

Muka ɗauke shi muka kai shi wurin mai ɗori. Washegari Nasaran kamfani ya zo da tafinta har inda mai ɗori ya kwantar da shi. Ina tsugune a bakin ƙofa. Makanikinsu ya riga ya buɗe buwat ya gaya masa abin da ya gani. Nasara ya ce a tambaya wa ya zuba man. A lokacin, apranti da ya kayar da motar kamfani kaso za shi, wato gidan yari, daga nan aikin hanya, ba mai tambayar ranar dawowarsa. Barma ya ce wa tafinta, “Gaya masa ni ne. Yaron gungume kawai yake riƙewa.”

Suka kore shi. Ƙafar ta ɗoru a karkace, ba ta ƙara iya taka ambarayaj ba, shofer kuwa da ƙafar hagu yake ci. Shi ya sa ya koma gyara, ya yi shekaru yana kwanciya ƙarƙashin motocin wasu kafin ya samu garejin da za ka yanzu. Ba raƙumi ne ya harbe shi ba, kamar yadda na gaya muku. Ni ma ba warin fetur ne ya ɓata mini ɗanɗanon fura na bar mota ba. Ranar da za a ɗauke shi zuwa Damagaram ban je sallama ba. Na tafi rugar kakanka na yi wata biyu ina bin shanu, ina ba su dariya. Da na dawo na kama gona.

Ka san sauran. Da aka haife ka na ce a sa maka Habu, dangi suka yi ta neman wane Habu ne a cikinsu. Sunan Barma ne na yanka. Shi ya sa ban taɓa kiranka da shi ba, nake ce maka Shofer tun kana rarrafe, mutane suna zaton tsokana ce irin tawa. Da Barma ya zo Magariya bara gyaran motar likita, ya gan ka kana leƙen inji, ya tambayi ɗan wane ne, ya ce a turo masa kai in ka sauke, ka zo gida da gudu kana nemana. Innarka ta ce maka ciwon ciki ya kai ni gona. Lafiyata ƙalau. A bayan rumbu nake, ina jin ka.

To ka ji. Ƙarin da ke sa a yabi mutum a kasuwa, a buwat ɓarna ne. In ya leƙo ka tsaya, ko da bidon yana roƙonka. Abin da ya rage ka rufe ka ajiye, gobe ma rana ce ta aiki. In ka ga wani abu a jikin mota da ba ka gane dalilinsa ba, kada ka gyara wa maƙerinta aiki, ka tambaya. In ka yi wani abu da ba a sa ka ba, ko da alheri kake nufi, ka faɗa kafin a tayar da inji. Da na ce masa “Na ƙara ta sama” a Sassumbrum, kalma huɗun nan da sun ishe shi ya kwance murfin gefe, rarar ta zubo, ya zage ni, mu tafi.

Kada ka ɗaure murfi da dukan ƙarfinka, ka tuna wani ne zai kwance. Kada ka zuba man inji a buwat don shi ne a kusa, nata ya fi kauri, warinsa ma daban ne, sau ɗaya za ka shaƙa ka riƙe. Ka yi salla a kan lokaci ko da hannunka baƙi ne, toka da ruwan zafi suna fitar da shi. Ka rage ci a gidan mutane har su saba da kai. Barkwanci kuwa ban hana ka ba, gado ne, amma ka bar shi a waje in za ka shiga ƙarƙashin mota.

Yanzu kwance tsumman. Kilen buwat ne, mai baki huɗu, na Barma, da hannunsa ya fere shi. Yana aljihuna ranar da motar ta kwanta, yana aljihuna ranar da ya ce shi ne. Shekara goma sha tara yana cikin gafakar allona. Sau da yawa na ba masu zuwa Damagaram saƙon goro, ban taɓa iya ba su wannan ba.

In ka isa, kada ka fara da neman masauki. Ka je gareji, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka miƙa masa da hannu biyu. Ka ce, “Illa ya ce a kawo maka. Ya ce shi ne ya zuba, kuma ya rubuta mini da hannunsa. Yana roƙon gafara.” Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi murmushin nan namu. Ya kamata in zo da ƙafata, na sani. In ya karɓa, ka aiko mini da saƙo ta hannun mai motar Laraba, zan zo bayan an cire gyaɗa. In ya mayar maka, shi ma ka aiko, zan zo duk da haka.

In kuma ya tambaye ka lita nawa buwat ke sha, kada ka ba shi amsa a tsaye. Ka roƙi aron kilen, ka kwanta a ƙasa, ka fito ka juya masa baya.

Innarka tana gaishe ka, ta ce gumbar ta kwana bakwai ce, na ce mata ba za ta ga Bande ba. Ƙannenka sun riga sun fara faɗa kan tabarmarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na hanya, Ya sa albarka a hannunka, Ya sa ka riƙe sitiyarin da ban riƙe ba. Ya ba maigidanka lafiya da tsawon rai. Allah Ya yi maka albarka, Habu.

Mahaifinka,
Illa